Kwabon Cibiya Ya Je Doha

Funtuwa zuwa Abuja

Ƙarfe huɗu da rabi na asubahin Talata, ladan bai gama gyaran murya ba, motarmu ta bar Funtuwa. Ni ce Hajiya Gambo. Ban yi boko ba, ƙanwata Ladi ce ke riƙe da biro, ni nawa baki. Ku gyara zama.

Autata Hadiza, mai aikin jinya a Doha, ita ta haifi namiji. Da aka nuna min hotonsa a waya sai na ga cibiyarsa ta yi tsini kamar bakin buta. A gidanmu ba a zuba wa cibiya ido. Muna da kwabo mai huji, gadon kakata, ya yi baƙi ƙirin don tsufa. A naɗe shi a tsumma a ɗaura wa jariri a ciki. Cibiya ashirin da uku ya kwantar. Shi na ƙulle a bakin zanena. Mijin Auta kuma, Alhassan, mutumin Zangon Kumasi, ya aiko in taho masa da duk tsohon kuɗin da ke gidan, wai tara su yake yi. Na cika masa gwangwanin madara da kwabbai da aninai.

Mun wuce Kaduna direba ya ce, "Hajiya, me ke kuka a jakar nan?"

Na ce, "Kuɗi."

Ya ce, "A rufa mana asiri! A wannan hanyar?"

Na ce, "Kwantar da hankalinka, ko ƙosai ba sa saye."

Shinge shida muka wuce, ƙarfe sha ɗaya muka shiga Abuja. A filin jirgi na'ura ta yi ta ihu a kaina. Wata ma'aikaciya ta kwance ƙullin zanena ta ce, "Mama, laya ce?" Na ce, "A'a, ma'aikaci ne kamarki."

Otal, hawa na tara

Awa bakwai da ɗoriya muka yi a sama. Lokacin annoba ba ta gama tafiya ba, garin Doha kuma yana ta shirin ƙwallon duniya. Aka zura min tsinke a hanci har na ji shi a ƙeya, aka ce sai na yi kwana bakwai a killace. Abinci a ajiye a bakin ƙofa, a ƙwanƙwasa, a ruga, kamar masu kai wa kura. Kullum shinkafa da kaza da yankan lemun tsami.

Ran kwana na uku zaman banza ya ishe ni, na juye gwangwanin a kan gado. Sai kunya ta kama ni. Wace uwa ce ke kai wa suruki kaya da dauɗa? Na tara lemun tsami, na haɗa da gishirin da ke zuwa cikin 'yar takarda, na ƙara da man goge baki. Kwana huɗu ina dirza. Jama'a, kwabban nan suka riƙa ƙyalli kamar haƙorin Makka. Na cibiya ne kaɗai ban taɓa ba, don kakata ta ce ranar da aka wanke shi, ranar zai ajiye aiki.

Madinat Khalifa

Alhassan ya ɗauko ni, minti ashirin muka isa gida. Bayan na ga jikana na yi masa addu'a, na miƙa gwangwani. Ya buɗe. Sai ya zauna a ƙasa.

"Mma, wa ya wanke su?"

"Ni ce. Ba sai ka gode ba."

Ya yi salati sau uku. Auta kuwa tana dariya har da riƙe bango. Da ya dawo hayyacinsa ya ce masu tara kwabo baƙin tsufan nan suke so, goge shi kamar a wanke daddawa ne da sabulu. Na ce to Allah ya kyauta.

Da na kwance kwabon cibiya, Auta ta ce, "Inna, ba a ɗaura wa jariri ƙarfe. Da kanta za ta koma. Khalas, magana ta ƙare!" Na gyaɗa mata kai. Tana fita aiki nake ɗaurawa a kan 'yar rigarsa, in na ji motsin makulli in zare.

Sati shida muna haka. Wata Alhamis Alhassan ya dawo da wuri, ina zarewa kwabon ya gangara har gaban ƙafarsa. Ya ɗauka ya kai fitila. Ya ce, "Mma, wannan na sarkin Turawan nan ne da bai cika shekara a kan gado ba. Don Allah ki bari mu kai shi majalisar masu tara kwabo gobe, kallo kawai." Na ce inda ya je ƙafata ƙafarsa.

Gharrafa, Juma'a bayan la'asar

Gidan wani dattijon Balarabe ne da Alhassan ke gyara wa na'urar sanyi. Maza bakwai a zaune da safar hannu da gilashin ƙara gani, sai ka ce za a yi wa sauro kaciya. Aka ba ni dabino da gahawa a wani ɗan kofi da ko kaza ba zai ƙosar ba. Alhassan na yi min tafinta.

A nan na gane kwabo ma da farin jini ake haihuwarsa. Mutum huɗu farin kwabo na zamanin sarakunan Turawa suke so, mai tauraro da rubutun Larabci. Biyu, wani likita Ba'indiye da abokinsa, jan kwabo na zamanin sarauniya suke yaba wa, suna cewa shi ya fi kyan tsufa. Suka yi ta musu har gahawa ta huce. Shi kuwa kwabonmu na bayan canjin kuɗi, mai hoton rijiyar mai, ba wanda ya ko juya shi. Na ce ikon Allah, a garin mai a ƙi rijiyar mai! Na bakwai wani mai gemu ne, anini kawai ya sani. Ya ɗauki nawa da na dirza ya duba, ya rufe ido kamar an yi masa rasuwa.

Sai aka fito da na cibiya. Kowa ya miƙo wuya. Dattijon ya ɗauke shi da 'yan yatsu biyu, ya sa a wani ɗan gidan roba, ya danna murfi ƙas! Wannan ƙas ɗin a ƙirjina na ji shi. Dattijon ya yi magana da Larabci, sai na ga idon Alhassan ya cika da hawaye.

"Mma, ya ce irinsa ba wuya ba ne, amma bai taɓa ganin wanda ya tsufa haka da kyau ba. In kin bar masa, zai sama min tikitin wasan Gana."

Na ce wa Alhassan, "Malam, ku 'yan Gana kun cire Najeriya a ƙwallo, yanzu kuma kwabon za ku cire mana?"

"Mma, sau ɗaya ne a rayuwa."

"Tambaye shi, a cikin robar nan wane aiki zai riƙa yi?"

Ya tambaya. "Ya ce kallonsa za a riƙa yi."

"To gaya masa wannan ba ɗan kallo ba ne. Ƙarfe bakwai na safe yana da aiki."

Dole Alhassan ya faɗi aikin, kansa a ƙasa. Likitan ya dafe goshi. Dattijon kuwa ya yi dariya har rawaninsa ya zame, ya bubbuga tumbinsa ya ce shi ma da kuɗin Indiya mahaifiyarsa ta kwantar masa da tasa. Da hannunsa ya buɗe robar ya miƙo min. Tikiti dai ba a sake zancensa ba. A mota Alhassan ya huce haushinsa a kan fitilar hanya, yana ce mata "Yalla", wai ta yi sauri.

Komawa gida

Na cika wata uku, cibiya ta kwanta luf. Auta ta ce, "Kin gani, Inna? Na gaya miki da kanta za ta koma." Na dubi Alhassan, ya dubi rufin ɗaki. Yaron kirki ne, bai tona ni ba. Kwabban da na dirza kuwa bai yar ba, yana sa su ƙarƙashin noti in yana ɗaura na'urar sanyi, ya ce hujin daidai.

Ranar Lahadi ƙarfe biyar na yamma na sauka Funtuwa, na tarar matar jikana Sani cikinta ya tsufa. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Auta da mai gidanta, da Ladi da hannunta ya gaji. Alhassan ya kalli wasansa a talabijin, amma ban bar shi hannu rabbana ba. A filin jirgi na yi masa alkawari gaban matarsa: ranar da zuri'armu ta daina haihuwa, kwabo nasa ne.