Layi na Biyu

Shekarun baya, lokacin da nake riƙe da shagon kwamfuta na wani abokina a Kontagora, aka jawo mana intanet ta wayar faiba, wadda cikinta gilashi ne siriri kamar gashi. Layi biyu aka jawo, ɗaya ta bakin titi, ɗaya ta silin ɗin maƙwabcinmu mai sayar da taki. Injiniyan da ya yi aikin ya kafa ɗan akwati a bango ya soke su a ciki. Akwatin ba ya cin wuta. Makunni ɗaya gare shi, da hannu ake murɗawa: hagu layin farko, dama na biyu.

Ya ce, "Malam, duk Juma'a ka murɗa dama, ka ga yana aiki, ka mayar. Kada ka bari sai rana ta ɓaci."

Na ce in sha Allahu. Har na rubuta da ajami a littafina. Sau biyu na gwada. Duk murɗawa sai intanet ya ɗan ɗauke, masu aiki su ɗago suna harara ta, ga shi ina saurin masallaci. Sai na samo ƙyalle mai tsabta na lulluɓe akwatin saboda ƙura, yadda nake lulluɓe littattafan mahaifina. A ganina na girmama shi ke nan.

Wajen shekara guda bayan haka, wata Laraba, wata mata ta iso daga wani ƙauye a yankin Rijau. Kirista ce, Hausarta da karin Dukanci. Ta daɗe tana koyarwa a firamaren ƙauyensu a matsayin 'yar sa kai. An buɗe ɗaukar malamai ta intanet, ranar ce ta ƙarshe, ƙarfe huɗu za a rufe, kuma baɗi shekarunta sun wuce ƙa'ida.

Ta ce, "Malam, ka taimaka. Tun safe nake mota, ko karyawa ban yi ba."

Na ce, "Malama, ai kin iso. Zauna ki sha ruwa, wannan aikin minti goma ne."

Mun cika fom, mun ɗora hotonta, saura takardar makaranta, sai komai ya tsaya. Katafilar masu gyaran titi ce ta tsinke babbar wayar bakin titi, har wayoyin hannu suka daina samun intanet. Ban damu ba. Na yaye ƙyallen ina murmushi, na ce mata mu nan muna da layi na biyu. Na murɗa dama.

Babu komai. Na mayar, na sake murɗawa. Na kira injiniyan da ƙyar, yana Minna. Tambayarsa ta farko: "Yaushe rabonka da gwadawa?"

Muka hau babur muka zaga shaguna uku, duk a tsaye suke. Muna na ukun aka kira la'asar. Ta naɗe takardunta cikin leda, ta ce, "Ba komai, Malam. Allah bai yi ba. Ka yi ƙoƙari." Har godiya ta yi mini.

Washegari injiniyan ya hau silin. Ashe tun damina, da maƙwabcinmu ya sauya kwanon rufi, kafinta ya lanƙwashe wayar ya danne ta da katako, gilashin ya karye. Gyaran bai kai awa ɗaya ba. Wata biyar ke nan, Juma'a wajen ashirin.

Na yi imani da ƙaddara, amma na san wanda aka ba amanar makunnin nan. Na yi istigfari mai yawa, zuciyata ba ta kwanta ba, domin haƙƙin mutum sai mutum ya yafe.

Bayan shekara huɗu na gan ta a kasuwa tana auna gero. Ita ta fara gaishe ni. Na durƙusa gefen buhunta na faɗa mata gaskiya duka, na roƙi gafara. Ta daɗe tana kallon mudun da ke hannunta.

Ta ce, "Na yafe, Malam. Amma duk shekarun nan ina cewa Allah ne bai yi ba, hankalina kwance. Yanzu ka sauke kayanka, ni kuma ina zan kai shi?"

Wata mai saye ta tsaya, malamar ta juya ta ci gaba da awo.