Keken Cajin Munzali da Gonar Bayan Dutse

A Rurum Tsohon Gari, in ka tambayi gidan Munzali Direba za a nuna maka, amma sai an fara gaya maka cewa mutumin taurin kai gare shi. Gaskiya ne kuwa. Tun yana saurayi yake jan motar haya tsakanin Rano da Kano, har ranar da hatsari ya raba shi da sitiyari, ya farfasa masa gwiwar hagu. Aka ɗora, aka kwance, aka sake ɗorawa. Ƙafar ta warke, tana lanƙwasuwa, amma ba ta ɗaukar nauyi. Ya dawo gida da sanda, ba abin da ya rage masa sai matarsa Barira da wani sa na kiwo da gonar bayan dutse.

Gonar ta gado ce, ba a raba ba, kuma yayansa Alhaji Sagiru ne mai faɗa a kanta, ko da yake Munzali ne yake noma ta tun rasuwar mahaifinsu. Hanyarta siririya ce, hawa ce tsakanin duwatsu, 'yan acaɓa ma ba sa bin ta don tana fasa musu ƙasan inji. Bayan hatsarin sai gonar ta koma ta ciyawa. Shi Alhaji Sagiru ba mugu ba ne, yana dai cikin mutanen nan da tausayinsu ya fi mari zafi.

"Munzali, ka haƙura," in ji shi. "Zan sa maka tebur a ƙofar gida ka riƙa sayar da fetur a kwalba. Gona kuma a ba Shamsuddeen." Shamsuddeen babban ɗan Alhajin ne.

"Yaya, gwiwa na rasa, ba jana'izata aka yi ba."

"To shi ke nan. In ruwan shuka ya sauka bana, iri bai shiga ƙasar nan da hannunka ba, na ba shi."

Munzali ya tashi ya fita. Ya sayar da san da yake kiwo, ya hau mota zuwa Kano wurin wani tsohon abokinsa na tasha mai shigo da kayan gwanjo, ya dawo da keke. Ba irin keken da aka sani ba. Tayoyinsa kaurara ne masu haƙora, gabansa da sifirin, ga batir dogo manne a jikin ƙarfe, ga inji a tsakanin feda. Kana ɗan taka feda inji zai karɓa, ya tura ka. 'Yan majalisar bakin masallaci suka yi dariya har da riƙe ciki, wai an ba da sa mai ƙaho an karɓo keke. Washegari ya wuce ta gabansu, sanda da fartanya ɗaure a baya, ya doshi hawan nan zaune daram a kan sirdi. Ba wanda ya sake dariya a gabansa, sai a bayansa.

Yadda yake kula da keken nan, jariri ma sai haka. Kullum da yamma zai cire batir, ya nannaɗe shi a tsumma, ya kai shagon mai cajin waya da ke da sola, ya zauna yana gadi kada a haɗa masa da wata waya can. Kaca da tsohon buroshi yake goge ta, ya ɗiga mata mai. Ƙaya kuwa da tsinke yake bi yana cirewa tun ba ta kai ga tiyub ba. Abokin nasa ya ja masa kunne a kan abu ɗaya, cewa inji da batir ba sa shiri da ruwa. Saboda haka ko taɓo ne ya kama keken, sai ya bari ya bushe ya kankare, ya bi da ɗanyen tsumma. Da rani ya share gonar tas, ya riƙa hawa da taki buhu-buhu, har ta dawo hayyacinta.

Sai kuma rigimar aro. A garin nan keke na kowa ne: mai zuwa chemis, mai zuwa niƙa, mai kai saƙo, kowa sallama yake yi ya ɗauka. Munzali ya ce a'a. Cajin da ke ciki na hawa ne da saukowa, kuma ba shi da wata ƙafar in an karya wannan. Nan da nan aka laƙa masa rowa. Wani ya ce da shi, "Keke ne fa, ba jirgi ba."

"To ka je ka ari jirgin," in ji Munzali.

Abin yana yi masa ciwo, don da can shi ne mai ɗaukar mutanen garin kyauta a motarsa, amma ya shanye. Ya hana liman, ya hana mai unguwa. Mutum ɗaya ne bakinsa ba zai iya buɗewa ya hana ba, shi ne surukinsa Malam Idi na Tarai, mahaifin Barira.

Hadari ya fara haɗowa a gabas lokacin da Malam Idi ya zo ganin 'yarsa. Yana nan aka aiko masa da rasuwar wani amininsa a Fassi, ga shi nasa keken yana wurin mai faci. Dattijo ne mai kunya, bai tambaya da kansa ba, Barira ya tura. Zuciyar Munzali tana cewa a'a, bakinsa ya ce, "Haba, Baba ai ba sai ya tambaya ba." Ya nuna wa Malam Idi inda ake kunnawa da inda ake rage gudu. Zancen ruwa ya zo masa har baki, sai ya ga kamar zai koya wa suruki hankali, ya haɗiye.

An yi yayyafi a hanyar Fassi, keke ya sha taɓo. Malam Idi kuwa tunda yake bai taɓa mayar da kayan aro da dauɗa ba. Da ya iso wani rafi, sai ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya shigar da keken cikin ruwa har ya shanye feda, yadda ya saba yi wa nasa tun yana yaro. Ya wanke shi da sabulu lungu-lungu. Ya iso gida yana turawa, keke yana ƙyalli.

"Caji ne ya ƙare a hanya," in ji shi. "Amma na ɗan ɗauraye maka shi."

Munzali ya durƙusa da gwiwarsa mai lafiya, yana kallon ruwa yana ɗiga daga inji. Ya ji kamar ya kurma ihu. Abin da ya fito shi ne, "An gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Ya kwance batir ya shanya, ya jingine keken a rana, ya yi duk dabarar da ya sani. Fitila ko ƙiftawa ba ta yi ba. Makaniken da ya kira daga Rano ya buɗe, ya shinshina, ya ce ƙwaƙwalwar injin ce ta ƙone, sai an yi odarta daga nesa, ba yau ba, ba gobe ba. Bai kai ga rufe akwatin kayansa ba ruwan shuka ya ɓarke.

Da safe Alhaji Sagiru ya aiko cewa Shamsuddeen zai hau da iri in rana ta ɗaga. Ya ƙara da cewa Allah ne bai nufa ba, kada Munzali ya sa wa ransa damuwa.

Munzali ya ɗaure sungumi da jakar gero a bayan mataccen keken. Ba batir ma nauyinsa ya kusa na ƙaramin babur, amma ya fi sanda riƙe mutum. Yana fitowa da shi ya ga Barira tsaye da hijabi, ƙwarya a hannu. Rabonta da gona tun tana budurwa.

"Ina za ki?"

"Babana ne ya wanke," ta ce. "Malam, kama gaba, ni in tura."

Haka suka bi ta gaban majalisa, ba su kalli kowa ba. A shimfiɗe ya taka feda da ƙafa ɗaya, a hawa ya sauka ya rataya ƙirjinsa a kan keken, yana jan ƙafar, Barira tana turawa. Ya faɗi a kan dutse, ya tashi. Gwiwar ta kumbura har wando ya matse ta. Da suka isa bai zauna ba, don ya san in ya zauna ba zai tashi ba. Ya kama sungumi yana sara yana dogarawa da ƙotar, Barira tana binsa tana zuba gero tana rufewa da dunduniya.

Rana ta ɗaga sosai Alhaji Sagiru da Shamsuddeen suka ɓullo ta tsakanin duwatsu, suna haki. Sun tarar an shuka fiye da rabi. Kowa ya san gonar da iri ya shiga ba a karɓe ta a hannun mai shuka, kuma Alhaji da bakinsa ya gindaya sharaɗin. Ya daɗe yana kallon ƙafar ƙanensa, idonsa ya kawo ruwa.

"Kashe kanka za ka yi a kan gona? Ga noma a gaba, ga girbi. Keken ma ya mutu."

"Za a gyara shi, Yaya. Kafin nan kuma haka zan riƙa hawowa."

Shamsuddeen ya ajiye nasa irin, ya miƙa hannu. "Kawu, kawo sungumin in ƙarasa maka."

Munzali ya ƙara damƙe ƙotar.

"Da hannuna aka ce," in ji shi. "Matsa, kana tsaye a kan layina."