Raƙumin da Aka Aika Duba Gero

Ni dai karatuna a aji uku na lakwal ya tsaya, ranar da mushe, malaminmu, ya haƙura da ni, ni ma na haƙura da shi. Saboda haka kada wani ya ce ina ja da masu ilimi. Labarin raƙumi kawai zan bayar.

A ƙauyenmu, nan kusa da Matameye, muna yara, in gero ya nuna, Kaka Dije kan hura wutar kara bayan an ci tuwo, mu kewaye ta muna gasa tumu. Da ni take fara tsiya: "Matsa can, mijin banza! Ko dami ɗaya ba ka kawo mini ba, sai ci." Sai ta gyara zama ta ce ga ta nan tafe, mu ce ta ƙaraso mu ji.

Wai wani sarki ne ya so ya san yawan hatsin ƙasarsa, sai ya aiki raƙumi don ya fi kowa tsawo. Raƙumi ya bi hanya yana taƙama, bai taka gona ko ɗaya ba. Daga sama yake hango zangarniya tsaye reras. Ya koma fada ya ce, "Ranka ya daɗe, gero har wuyana." Sarki ya ji daɗi, ya buɗe rumbunan da ake ajiye wa talakawa, ya sayar wa fatake. Ashe tsutsa ta riga ta cinye ƙwayar, zangarniyar fanko ce. Da bazara ta yi, mutane suka koma cin tafasa.

Muka ce, "Kaka, me aka yi wa raƙumin?"

"Me kuwa? Rawani aka naɗa masa."

Mu yi ta dariya har da birgima. Ita ba ta yi.

To, bana na ga raƙumin da idona. Kan babur ya zo, tsakiyar damina, gero kore shar. Ma'aikacin gona ne aka aiko duba gero, yaro mai ladabi, ban raina gaisuwarsa ba. Ya tsaya bakin kwalta, gonar Alhaji Mamman, wadda shanu ke kwana cikinta duk rani. Nan ya kafa turaku huɗu, ya ja igiya, ya ƙirga zangarniya, ya danna cikin wayarsa. Na ce, "Ɗana, gonakinmu na can bayan tudu." Ya ce yashi ba ya barin babur. Na ce, "To ka dawo ran sussuka." Ya ce in sha Allahu.

Bayansa murzuna, tsutsar zangarniya, ta sauka. Damin da ke ba mu tiya mai auki, bana in an sussuke sai ƙaiƙayi. Ɗiyata Hadiza, mijinta ya rasu, yara gare ta. Tun kafin sanyi ya wuce take share ƙasan rumbunta da tsintsiya. Da aka zo raba hatsi mai rahusa ga ƙauyukan da suka yi gibi, aka tsallake mu. Wai mu masu rara ne. Rara!

Na ɗauki zangarniya ɗaya, na hau taksi, na je biron ma'aikatan gona. Na aza ta kan teburin yaron nan mai babur na ce, "Mushe, murza." Ya murza. Gari ya zubo masa a wando. Ya kakkaɓe, sannan ya ce an riga an tura lissafi sama, sai baɗi.

Na ce, "Baɗin ka zo da buhu da tiya, ba igiya ba. Ka bar babur wajen mai gari, ni zan ara maka jaki. Ka shiga gonar mai taki, ka shiga ta gwauruwa. Ka zo gero na tsaye, ka dawo yana cikin turmi. Ka tambayi mata, su ke sussuka." Ya ce shawara ce mai kyau. Ko alƙalami bai ɗauka ba.

Yanzu na san abin da ya hana Kaka dariya. Ta taɓa cin tafasar nan.

Jiya jikokina, 'ya'yan Hadiza, suka ce in yi musu tatsuniya. Kunu kawai suka sha. Na ba su ta raƙumi. Babu wanda ya yi dariya, ƙaramar ma cewa ta yi, "Kaka, ka manta ƙurunƙus."

Na ce ban manta ba. Ba ta ƙare ba ne.