Mai Leda da Katin Gola

Yayana, in ka ba shi ajiyar takarda, to ka yi bankwana da ita a yadda ka san ta. Za ta dawo maka a sandare tana ƙyalli, an liƙe ta cikin leda ta kowace kusurwa. Shi ya sa duk layinmu ba mai kiransa da wani suna sai Mai Leda. Shagonsa na fotokwafi ɗan ƙarami ne, tsakanin mai gyaran waya da kemis: injin kwafi a dama, teburin yanka takarda a hagu, sai injin liƙe leda can ƙurya, ɗan lelensa. In injin ya yi zafi, shagon kan ɗauki wari kamar an manta bokitin roba kusa da murhu. Shi wai ƙamshi ne.

Ni ƙanwarsa ce, na san inda ciwon ya samo asali. Muna yara, ba a daɗe da rasuwar mahaifiyarmu ba, rufin ɗakinmu ya yi yoyo a kan akwatinta. Hotonta guda tal da muke da shi ya jiƙe. Yaya ya ɗauko zai goge da bakin riga, fuskar ta biyo rigar. Ni har yau ban san kamanninta ba. Shi kuwa tun daga ranar bai ƙara yarda da takarda tsirara ba. Katin asibiti, takardar haihuwa, lambar mai gyaran famfo, hoton matarsa marigayiya, duk sun bi ta injin nan. Na sha ce masa, "Yaya, da ina shiga injin nan da tuni ka liƙe ni." Yakan ce, "Da na huta da bakinki."

'Yarsa ta ƙarshe, Auta, ni da shi muka raine ta. Yarinyar nan gola ce, mai tsaron raga a ƙungiyar ƙwallon makarantarsu, kullum gwiwa a kurje. Kuma ta haukace a kan katunan 'yan ƙwallo, irin waɗanda ake sayarwa a ƙunshe, ba ka sanin wanda ke ciki sai ka yage. In ka sami wanda kake da shi, sai ka yi musaya da wani. Akwai katin wata gola mai ƙyalli da ba a cika samu ba. Auta ta daɗe tana farautarsa, sai da ta ba da tulin katunanta kafin ya shigo hannunta. Ta gefe-gefe take riƙe shi, ni ko numfashi ba ta bari in yi a kansa.

Wata safiya ta makara, ta bar shi a kan tebur kusa da kofin shayi. Yaya ya gan shi tsirara, hankalinsa ya tashi. Ya tafi da shi shago, ya zaɓi leda mafi kauri, ya liƙe, har ya zagaye kusurwoyin da almakashi don kada su soke ta. Da ta dawo ya miƙa mata yana washe baki.

Ta juya katin, ta sake juyawa. Ta ce, "Baba, ka kashe shi."

Ya ce, "Kashewa? Ko a kogi kika jefa shi yanzu ba abin da zai same shi."

Ashe a wurin masu tara katin, wanda aka liƙe ya tashi daga aiki. Ba ya ɓaruwa, ba mai karɓarsa a musaya, ga shi zafin injin ya dusashe ƙyallin. Auta ta fashe da kuka, ta ce, "Kai komai sai ka rufe shi ruf. Har ni." Ta faɗi haka ne don ya sha hana ta bin ƙungiyarsu wasa a wani gari, wai mota ba ta da tabbas.

Ba su yi gaba ba, Allah ya kiyaye. Tana gaishe shi, tana kai masa abinci shago. Amma ta daina nuna masa kayanta, hirarsu ta koma "lafiya lau" da "to". Haka har ta sami makarantar koyon aikin jinya a wani gari mai nisa. Ranar tafiya ta damƙa min kwalin takalmi cike da katunan, a gabansa ta ce, "Gwaggo, kada Baba ya taɓa." Ya yi kamar yana gyara igiyar jaka.

Da damina ta yi nisa na buɗe kwalin, na tarar danshi ya fara aiki: wasu sun lanƙwashe, wasu suna neman mannewa. Na kira Auta, ta ce in aika mata ta gidan waya. Ni me na sani? Na tattaro su, na nemo robar ɗaure kuɗi, na ɗauko ambulan. Sai ga Yaya a kaina.

"Ke! Robar nan za ta ci gefensu. Kawo."

Na ce, "An ce kada ka taɓa."

Ya ce, "To biyo ni shago ki tsare ni. In kin ga na nufi injin da kati a hannu, ki zare wuta."

Na bi shi, na kafa kujera kusa da soket. Bawan Allah nan, mai gardamar tsiya, ya sa mai gyaran waya ya nemo masa bidiyon yadda masu tara kati ke ajiya. Ya kalla da gilashi a kan hanci yana tsaki, har ƙarshe. Ya yanko leda mai laushi, ya liƙe gefe uku ba kati a ciki, ya bar saman a buɗe. Sai da ta huce ya zura katin a hankali da hannun da ya wanke ya bushe. Na ga yatsansa yana shafa buɗaɗɗen bakin nan, yana ƙaiƙayin rufewa. Na yi gyaran murya. Ya ce, "Na sani, na sani."

Kowane kati da rigarsa. Ya jera su tsaye, ya sa kwali mai tauri gaba da baya, ya ɗaure da salatif a kan kwalin kawai, ya naɗe bakin salatif ɗin don ta ja da hannu ba sai ta sa reza ba. Ya bi shagunan takalma yana roƙon 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi. Kafin ya yarda da aikinsa sai da ya haɗa ƙunshin gwaji da katin karta, ya wurga shi daga kan tebur, ya yayyafa masa ruwa, ya ce in zauna a kai. Wai in ya jure ni, zai jure buhun gidan waya. Na zauna, amma ban yafe ba.

Da ya kai ƙasan kwalin takalmin sai ya tsaya. Ya zazzage, ya leƙa murfin.

"Golar ba ta nan," in ji shi. "Ta yar da shi."

Ya zauna a kan kujerar kwastoma, ya cire gilashi. Wallahi tausayinsa ya kama ni.

A gidan waya ya rubuta "KADA A LANƘWASA" gaba da baya da manyan baƙaƙe, ya sa aka yi wa ƙunshin rajista, ya tambayi ma'aikaciyar ko motarsu tana yoyo. Ta ce, "Baba, zinariya ce a ciki?" Ya ce, "Na 'yata ne." Daga nan kullum sai ya leƙa ya tambaya ko ya isa, har suka fara gaishe shi da suna.

Ran nan ina shagon da hantsi wayarsa ta yi ƙara, kiran bidiyo. Wayarsa fa, ba tawa ba. Auta ce cikin farin kayan makaranta, ƙunshin a buɗe a gabanta. Ta zaro kati daga rigarsa, ta mayar, ta sake zarowa.

"Baba, kai ka yi wannan?"

"Gwaggonki ta tsare ni."

"Ka bar bakin a buɗe."

Ya ce, "Ai don ki riƙa fito da su." Ya gyara gilashi. "Golar nan dai ban gan ta ba. Ba laifi in kin yar, ni na ɓata."

Auta ta sa hannu a aljihun rigarta, ta ɗago shi gaban waya. Ga shi nan da zagayayyun kusurwoyinsa.

"Kullum yana jikina. Har wanki na sha yi da shi a aljihu, ko gezau. Sauran duk wata rana zan iya musayarsu, Baba. Wannan ba mai karɓa, shi ya sa shi ne nawa."

Yaya ya juya wa wayar ƙeya, wai yana duba injin kwafi, injin da ko kunna shi ba a yi ba. Da ya juyo idonsa jawur, ya ce, "To, in kina so sauran ma, ki turo in..."

Ni da Auta muka haɗa baki: "A'a!"

Ya yi dariya har da tari. Ta ce kada ya kashe, tana da wasa ranar hutu a wani gari, za ta ba shi labari. Na ga bakinsa ya motsa, na san maganar mota ce ta taso. Ya haɗiye ta, ya jawo kujera ya zauna, ya ce, "Da wa za ku buga?"