Na Kai Kafaɗata Illela

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da ɗalibaina biyu, da katifun atisaye naɗe a bayan mota. Ga wanda bai san ni ba, jiu-jitsu nake koyarwa, wata irin kokawa da ake yi cikin riga mai kauri, kuma yawancinta a ƙasa take. A Legas na koye ta ina saurayi. Na shiga gasa iri-iri, na ci, an kuma kayar da ni, har aka ɗaura mini baƙar ɗamara, alamar ƙwarewa, na dawo gida na buɗe wurin koyarwa. Bana kafaɗata ta hagu ta sake gocewa, likita ya ce in bar gasa. Ni kuwa sunana yana cikin wata babbar gasa mai zuwa, ban kuma gaya wa kowa maganar likita ba. Da wannan a raina na kama hanyar Illela, wurin Kawu, ƙanin mahaifiyata, tsohon ɗan kokawa da ya fara koya mini kamu ina yaro.

Hanyar ba laifi har Kware, daga nan sai kauce wa ramuka. An gama yankan gero, dammuna jingine a gonaki, masu albasa kuma sun shiga fadama. A Gwadabawa muka karya da masa mai zafi da shayi. Masar ta ƙanƙance, kuɗinta ya girma, amma daɗinta na nan. A wani shinge, jami'in ya leƙa bayan mota ya tambaya ko katifa muke sayarwa. Da na ce faɗuwa muke yi a kansu, sai ya dube mu da tausayi ya ce mu wuce.

Mun tarar da Illela ranar kasuwa. 'Yan kabu-kabu suna ta zirga-zirga tsakanin gari da bakin iyaka, 'yan canji zaune da sefa da naira a hannu, shanu da raƙuma sun tare hanyar kara. Hausar ma ta gauraye, ta mutanen Konni ta Nijar da tamu. Muka sha fura da nono wurin wata Bafulatana, ɗaya daga cikin ɗalibaina ya ƙara kwano, ya ce gina jiki yake yi.

Kawu ya tsufa fiye da yadda na bar shi, amma muryar na nan. Ashe ya aika ƙauyen Lafani an kira masa samarin 'yan kokawa, wai su zo su ga abin da ɗansa ya tafi Legas ya koyo. Muka shimfiɗa katifu a inuwar darbejiya. Wani ƙato daga cikinsu ya kama babban ɗalibina, ya ɗaga shi ya nana da ƙasa, ya miƙe yana kirari. Aka sha dariya da na ce masa ai yanzu aka fara. Ya koma, kafin ya ankara an naɗe masa hannu. Na nuna masa ya ɗan bubbuga jikin abokin karawarsa, nan take aka sake shi. Na yi musu bayani cewa wannan ita ce alamar ka sallama, kuma ita nake fara koya wa kowane sabon ɗalibi. Daga nan na shiga da kaina, na nuna kamu kaɗan. Samarin sun ji daɗi, har suna roƙon in riƙa zuwa.

Da aka kira azahar muka shiga masallacin unguwa. Sai na ga an ajiye wa Kawu kujera a ƙarshen sahu. A zaune ya yi sallarsa, sujada da nuni. Ban san abin ya kai haka ba.

Bayan mun ci tuwon gero da miyar kuka, ya sallami kowa, ya rage ni da shi.

"Mi yas samu kahwaɗarka?" ya tambaye ni.

Na ce ba komai, gajiya ce.

"Ni za ka yi ma haka? Tun da ka hau katihwar nan kake ɓoyon ta."

Sai na gaya masa duka, har da gasar. Ya daɗe yana shafa gwiwarsa. Ya ce shi ma an taɓa ce masa ya bari, amma makaɗi ya kira sunansa a fili, ya ji ba zai iya zama ba. Ya ci wasan, aka ɗauke shi a kafaɗa, gwiwar kuma daga ranar ba ta sake lanƙwasuwa daidai ba.

"Waɗanda suka ɗauke ni rannan, ba wanda ka tunawa," in ji shi. "Ni kau goshina na marmarin ƙasa. Mu ba mu da wagga bubbugawa taku. Kai da kake koya ma ɗiyan mutane ita, mi ya hana ka yi?"

Ya sa aka cika mana mota da albasa da kilishi, ya rako mu bakin ƙofa yana dogara sanda.

Da la'asar muka juyo. Ɗalibaina suna ta labarin ƙaton Lafani, ni ina tuƙi da hannun dama. Wajen Kware na gaya musu na fasa shiga gasar, babbansu ne zai tafi, ni zan tsaya masa a gefe. Sai babban ya ce, "Malam, zan iya kuwa?" Na ce gobe da safe za mu fara gani.

Mun shigo Sakkwato ana kiran magariba, lafiya lau. Abin da tafiyar ta koya mini bai da yawa. Na daɗe ina ɗaukan barin gasa a matsayin ƙarshen aikina, alhali aikin yana nan, ga ɗalibai, ga samarin Lafani suna jira. A masallacin layinmu na yi sallar, na kuma jima a sujada fiye da yadda na saba.