Malam Illo, Mai Ajiye Gefen Hoto

Duk wanda ya saba sammakon kasuwar Petit Marché a Yamai ya san Malam Illo mai hoto. Kafin masu tumatir su sauke kwanduna ya riga ya buɗe shago, ya yayyafa ruwa, ya share ƙofa. Sai ya zauna bisa benci ya ciro kyamararsa daga jakar fata, ya goge ta a hankali, ko gaisuwa ba ya amsawa da kyau sai ya gama. Daga ƙarshe ya zaro wani ɗan abu daga aljihun gaba, bai fi goro girma ba, ya hura masa iska, ya zura shi a saman kyamarar har ya ji ta kama shi. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, don yanar ido ta ci ƙarfinsa. Ba za a yi masa biki ba, ba kuma za a karanta sunansa a rediyo ba, shi ya sa muka ga ya wajaba a faɗi abin da ya yi tun yana da kunnen ji.

Wannan ɗan abin, ƙaramin ido yake ce masa, kuma sai an fahimci aikinsa za a fahimci Malam Illo. Kyamararsa tsohuwar ƙira ce, tana da 'yar taga a gefe wadda mai hoto ke leƙawa. To, idan aka ɗaura mata gilashi mai faɗi, irin na ɗaukar taro, gilashin yana kwaso fili fiye da abin da tagar ke nunawa. Ƙaramin idon da ake ɗorawa a sama shi ke nuna iyakar gaskiya, daga wannan gefe zuwa wancan. In babu shi, mutum ya zaci mutum uku ya ɗauka, ashe ya kwaso goma.

A shekarar da soja suka karɓi mulki, 1974, fari ya koro jama'a daga ƙauyuka suka taru a wani zango bayan garin Yamai, gefen hanyar Filinge. Wani biro, wato ofishin gwamnati, ya ɗauki Malam Illo ya riƙa yi musu hoton rabon hatsi. Ranar farko kuwa, uwargidansa Aïchatou ta kwashi rigarsa ta kai wanki da ƙaramin idon a aljihu. Har yau in an tada zancen sai ta ce laifin mai riga ne, shi kuma ya ce a bar maganar. Haka ya je zangon ba idonsa, ya leƙa ta tagar kyamara, ya ga hafsan soja da tulin buhuna, ya danna.

Da ya wanke hoton sai ya tsaya yana kallonsa. Hafsa da buhuna suna tsakiya, amma dama da hagu mutane ne zube a ƙasa, ƙashin wuya a waje, kowa da ƙwarya. Yana tsaye a gabansu awa biyu, bai gan su ba sai a takarda.

Hafsan ya duba hoton, ya ɗauki alƙalami ya ja layi biyu. Ya ce, “Malam Illo, buhuna muka ce ka ɗauka. Yanke nan da nan. Fim ɗin kuma namu ne, ka kawo shi.”

Malam Illo ya koma shago ya sa almakashi. Gefunan biyu suka faɗi ƙasa. Ya ɗauko tsintsiya, sai ya kasa. Abin da ya gaya wa maƙwabcinsa mai nama shi ne, “Fuskar ɗan Adam ba shara ba ce.” Ya tsince su ya maƙala da allura a bango, bayan labulen da ake zama a gabansa a ɗauki hoto.

Daga ranar bai sake mantuwa ba, amma aikin ƙaramin idon ya canza. Da, yana leƙawa ne don kada wani ya shigo masa hoto ba dalili. Yanzu sai ya ja da baya taku uku, ya leƙa gefe da gefe, ya tabbata ya cika su da fuskoki. Hafsa ya samu tsakiyarsa, bango ya samu sauran. A zamanin da mutum ke waiwaye kafin ya ce ana yunwa, wannan ba ƙaramar kasada ba ce, kuma ya sani.

Labari ya bi bakin mata har zango. Mutane suka fara zuwa ɗaiɗai, su ce sun zo hoto, a ɗaga musu labule. Masu kayan miya na layin sun shaida wani dattijo daga Tawa da ya gane ɗiyarsa a bangon, aka bi ranar da aka rubuta a bayan takardar har aka same ta da rai. Wasu sun samu nasu, da yawa ba su samu ba, amma ba wanda Malam Illo ya ce wa ya yi sauri.

Cikinsu akwai Halimatou, mutuniyar Kurfai, can wajen Filinge. Mijinta Bawa ya riga ta tahowa don ya kama musu wuri, ita ta tsaya jinyar uwarsa. Da zai tafi ta ba shi ƙwaryarta mai ɗinki a baki, ya ce zai riƙe ta har ta iso. Tsohuwar ta yi mako uku kafin ta cika. Da Halimatou ta sauka a zangon, babu Bawa, babu labarinsa. 'Yan garinsu suka ce ai ya ga hanya ya bi, ya nufi bakin teku ya bar ta da wahala. Wannan maganar ta fi yunwar ci mata rai.

A gefen hoton farko ta gan shi, wato ta ga rabinsa. Layin hafsa ya bi ta tsakiyar jikinsa. Ƙeya ce da kafaɗa da bayan riga, da wani faci da ta yi da hannunta.

Ta ce, “Malam, ina sauran shi?”

Ya ce, “Shina biro, ƙanwata, rataye a bango. Ni na yanke shi da hannuna.”

“Mi shika kallo? Mi shika riƙe da shi?”

“Wallahi ban lura ba. Ran nan ba ni da idona.”

Wannan amsar ta zauna masa a ƙirji shekara goma sha ɗaya. Ya je biron ya roƙa, aka ce ya dawo. Ya koma, aka tambaye shi me yake so da hoton gwamnati, da irin muryar da ke sa mutum ya tuna yana da iyali. Halimatou kuwa ba ta koma gida ba, ba ta sake aure ba. Ta zauna unguwar Harobanda, ƙetaren kogi, tana sayar da kopto, wato kwaɗon ganye, duk Juma'a ta tsallako gada ta zo ta tsaya bayan labule tana kallon ƙeyar mijinta. Malam Illo kan fita ya ba ta wuri, ya tsaya a rana yana yi wa masu wucewa faɗan da ba su san dalilinsa ba.

Bara fari ya dawo, zango ya sake cika, Malam Illo ya sake cika bango duk da idon ya fara hazo. Sai watan jiya aka tashi yi wa biron fenti, aka sauke tsofaffin hotuna za a ƙona. Moussa mai sharar biron, wanda ya sha ganin Malam Illo zaune yana jiran a kira shi, ya zare wanda Malam Illo ke nema ya sa cikin riga ya kawo.

Ranar Juma'a Halimatou ta zo. Malam Illo ya cire gefen daga bango, ya ɗora bisa tebur kusa da babban hoton. Ba ya ganin layin, sai ya bi bakin takardun da yatsa, yana lalubar sawun almakashinsa, har suka haɗu.

Ya ce, “Duba mani, ƙanwata. Ni ba ni gani.”

Ta sunkuya bisa hoton. Sannan ta ce, “Ya rame.” Ta bi hoton da yatsa. “Kowa na zaune shina kallon buhu. Shi ɗai a tsaye, ya sa hannu a goshi, shina hangen bayan buhunan. Malam, mi ke bayan buhunan nan?”

“Hanyar Filinge ce. Nan kamyo, manyan motocin nan, ke sauke mutane.”

“Ƙwarya biyu ce a hannunshi,” in ji ta. “Ta sama mai ɗinki a baki.”

Ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi, Malam Illo ma hawaye ya zubo masa, bai kuma ɓoye ba. Har yanzu ba wanda ya san inda Bawa ya ƙare, da wuya kuma a sani. Amma matarsa ta san jiranta yake yi, kuma abin da ta tsallako gada shekara goma sha ɗaya tana nema ke nan.

Malam Illo, kai ne ka ga mutanen da aka ce a yanke, ka ƙi share su. Kai ne ka yi kuskure sau ɗaya, ka kwashe sauran shekarun aikinka kana gyara shi. Ba ka ƙosar da kowa da hatsi ba, amma ka mayar wa mutane da nasu, wani da rai, wani a takarda. Mun gode, Allah ya ba ka lafiyar ido, ya saka maka da abin da ya fi hoto daɗewa. Za mu yi kewar ganinka bisa bencin nan da safe.

Ku kuma masu tasowa, ko hoto kuke yi, ko rubutu, ko zaman biro, ku koyi ja da baya taku uku ku duba wa ke gefe. Halimatou ta tafi da hotonta Harobanda, an haɗe shi da gam ta baya. Layin almakashin yana nan bai ɓace ba, amma mijinta ya cika.