Tsohuwa Mai Ƙirga Abin da Allo Ba Ya Nunawa

A filin ƙwallon kwando na kwaleji, idon kowa na kan allon maki, ban da wata tsohuwa mai tabarau ɗaure da zare. Tana zaune a layin gaba da littafin rubutu a kan cinya, ta riƙe biro kamar wadda ta yi shekaru tana duba jarrabawar ɗalibai. Ba ruwanta da wadda ta zura ƙwallo a raga. Duk sanda yarinya mai lamba tara ta ƙwace ƙwallo, ko ta miƙa wa wata ta ci, sai ta ja layi ɗaya tana murmushi.

Ana tashi daga wasa ta tare koci.

"Ɗana, an ce za ka ajiye jikata, wai ba ta cin maki. Nawa kuka ci yau?"

"Hamsin da biyu, Mama."

"Talatin daga ciki ta hannunta suka bi. Ƙirga da kanka."

Ya bi layukan da yatsa, ya sosa ƙeya, ya fashe da dariya. "Kin kama ni, Mama. Wasa na gaba da ita za mu fara."

Tsohuwa ta hau taka rawa a tsakiyar fili, jikar kuwa ta rufe fuska da riga tana cewa, "Haba Kaka, ana kallo!"